Sunan da Dela Ba Ta Taɓa Kira Ba

Akwai wata mata a Mainika ta ƙasar Gwarzo, sunanta Dela, matar Malam Hammadu. Kakanninsu makiyaya ne, amma su sun daɗe da zama wuri ɗaya, suna noman dawa da gyaɗa, ga 'yan shanunsu a bayan gida. Dela mace ce mai kawaici. Ba a jin muryarta ta kan katanga, ba a kuma taɓa ganin tana tauna a gaban baƙo ba.

Ɗanta na fari sunansa Lurwanu. Sunan mahaifin Malam Hammadu aka sa masa, don haka kunyar ta zamar mata biyu, ga ta ɗan fari, ga ta suruki. Da aka yaye shi, kamar yadda ake yi a danginsu, sai aka kai shi Kabo wurin kakarsa Fatsuma. Can ya girma, can ya yi karatu, har ya zama malamin makaranta. Kakar yake kira Inna. Dela kuwa Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa.

Tun da ta haife shi, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Na Kabo" take cewa. In ya zo gaisuwa, sai ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, ita kuma ta amsa tana kallon faifan da ke hannunta. In abinci za a ba shi, ƙannensa take aikawa. Ba wanda ya ga laifinta. Yabon ta ma ake yi, ana cewa Dela ta riƙe tarbiyyar gidansu.

Ana nan sai ciwo ya kama Lurwanu. Ƙafafunsa suka kumbura, fuska ta riƙa yin suntum da safe. Aka yi ta zarya tsakanin Kabo da Kano, daga ƙarshe likitoci suka ce ƙodojinsa duka sun gaza. Aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda. Suka ce wannan jan lokaci ne kawai. In ana so ya rayu sai an yi masa dashe, kuma sai wani na jininsa ya ba shi ƙoda ɗaya.

Ƙannensa suka je gwaji, ba wanda ya dace. Malam Hammadu kuma hawan jini ya hana shi. Kakarsa Fatsuma ta daɗe da rasuwa.

Wata rana da hantsi Dela ta kawo wa mijinta fura, ta tsuguna gefe tana kallon ƙasa.

"Malam, tunda kowa ana gwadawa, ni ma a gwada ni mana. Kada a ce an bar wani."

Malam Hammadu ya daɗe yana kallon ta. "Kin san abin da kike faɗa kuwa? Yanka ki fa za a yi."

"Na ji an ce guda biyu ne a cikin mutum. Me nake yi da biyu?"

Aka gwada ta, Allah cikin ikonsa ta dace. Likitan da ke duba Lurwanu ya ba da shawara a tafi Indiya a yi aikin. Labari ya bazu a Mainika, mata suka yi ta shigowa.

"Dela, ashe ke ce za ki je?"

"Malam ne ya ce in je," take ce musu. "Ni mene ne nawa?"

Ba za ta iya bari a ce ita ta nema da bakinta ba. Malam Hammadu yana jin ta, ya rufa mata asiri.

Damina ta fara sauka suka kama hanya, su uku: Dela, Lurwanu, da matarsa Zinnira, 'yar cikin garin Gwarzo, mai jin Turanci, mai saurin dariya. Dela ba ta taɓa wuce Kano ba. Ko Kanon ma asibiti ne ya kai ta.

Tun a cikin jirgi ta gane irin tafiyar da ta ɗauko. Kujerarta na jikin taga, Lurwanu a tsakiya, kafaɗarsa na gogar tata. Tun ranar da aka yaye shi ba su taɓa zama kusa haka ba. Ta leƙa ta bayansa ta raɗa wa surukarta:

"Ke, dawo nan tsakiya."

"Inna, sun ce ba a canja kujera," in ji Zinnira, tana ɗaura wa mijinta bel ɗin kujera. Allah kaɗai ya san ko gaskiya ta faɗa.

Aka ɗaure Dela ita ma. Aka rufe ƙofa. Jirgi ya yi gurnani ya ɗaga, ta runtse ido tana salati. Da ta buɗe, sai ta ga gonaki sun zama kamar facin zane, can kuma gajimare ya rufe komai. Babu tsayawa a sha iska, babu cewa direba a sauke ni.

Aka kawo abinci a 'yan robobi. Dela ta ce ta ƙoshi. Yaya za ta ci, ga ɗan fari a gefenta, ga suruka? Aka sake kawowa, ta sake cewa ta ƙoshi. Cikinta na ƙugi, ta ja mayafi ta rufe fuska.

A Addis Ababa suka canja jirgi. Wurin duk gilashi ne da ƙarfe, ga matakala mai tafiya da kanta, wadda Dela ta tsaya a gabanta ta ƙi takawa sai da Zinnira ta riƙe mata hannu. Lurwanu a keken marasa lafiya ake tura shi. Duk inda aka juya da shi, idon Dela na biye da keken ta ƙasan mayafi. In ya waigo, sai ta kalli wani wurin.

A jirgi na biyu gajiya ta ci ƙarfinsa. Barci ya ɗauke shi, kansa ya gangaro a hankali ya sauka a kafaɗarta. Dela ta sandare. Tana jin numfashinsa, tana jin yadda ciwo ya rage masa nauyi. Hannunta ya yi sanyi, ya mutu, bayanta ya ƙage, amma ba ta motsa ba. Zinnira ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Da ya farka ya ga inda kansa yake, ya janye da sauri.

"Yi haƙuri, Adda."

Dela ta kau da kai. Taga take kallo, alhali babu komai a tagar sai fari.

Da suka sauka a Delhi, zafi ya dake su kamar an buɗe murfin tukunya. Mutane kuwa sai ka ce duk kasuwannin duniya ne suka ci rana ɗaya. Kowa na magana, ba kalma ɗaya da ta shiga kunnenta. Masu gaisuwa ba sa tambayar gida da gajiya, kai kawai suke kaɗawa, ta kasa gane ko eh suke nufi ko a'a. Abin da ta fara ganewa shi ne babura masu ƙafa uku.

"Ashe su ma suna da adaidaita sahu," ta ce.

"Inna, ai daga nan ake kawo mana su."

Sai kuma ta hango saniya a tsakiyar titi, motoci na kauce mata, tana cin takarda a bola. Dela ta miƙe wuya tana neman mai ita, ba ta ga kowa ba.

"Wannan ba ta da makiyayi ne?"

"Haka suke yawonsu a nan."

"Kai, Allah sarki," in ji Dela. Ta daɗe tana waiwayen ta har motarsu ta sha kwana.

Masaukinsu ɗaki ne guda a can saman wani dogon bene kusa da asibiti. Gado biyu, ɗan lungun girki, banɗaki, sai taga mai ƙarafuna. Babu tsakar gida. Babu inuwar da za ka ja tabarma. Babu inda mutum zai tsaya ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ko alƙibla sai da Zinnira ta duba a waya, kuma abin mamaki, nan yamma ake fuskanta. Dela ta yi sallar farko zuciyarta na gardama.

Ta sa aka ɗaura zane a tsakiyar ɗakin. A bayan zanen take kwana, a lungun girki take cin abinci, tana tsugune tana fuskantar bango. Duk tarin da Lurwanu zai yi tana ji. Duk juyin da zai yi a gado tana ji. Ba ta da inda za ta gudu, ba ta kuma da bakin da za ta ce sannu. Sai dai ta ce wa Zinnira, "Ki duba, kamar ana son ruwa a can."

Aka yi ta gwaje-gwaje, duk suka yi kyau. Sai aka ce saura abu ɗaya. A ƙasar ba a cire ƙodar mutum sai wani kwamiti ya zauna da shi, ya ji daga bakinsa. Zinnira ba za ta shiga ba, tunda matar mara lafiya ce. Asibitin ya kawo tafinta, wani dattijo Bakano mai suna Malam Musbahu, wanda ya daɗe yana zaune a can.

Aka shigar da Dela wani ɗaki mai sanyi. Mutane na zaune a bayan dogon tebur, ga na'urar ɗaukar hoto an saita ta a fuskarta. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai furfura da tabarau. Ta yi magana a hankali, Malam Musbahu ya juyo.

"Hajiya, ta ce wane ne mara lafiyar da kika zo dominsa?"

"Na Kabo ne. Ɗan wajen Inna Fatsuma."

Ya fassara. Mutanen suka kalli juna.

"Ta ce mene ne sunansa?"

Dela ta sunkuyar da kai. "Ai suna da shi a rubuce."

"Hajiya, daga bakinki suke son ji."

Dela ta shiga wasa da bakin mayafinta.

"Ta ce ɗanki ne?"

Ga baƙin maza a zaune, ga dattijo ɗan ƙasarsu, ga hoto ana ɗauka. Dela ta ji kamar a tsaga ƙasa ta shige.

"Haka ake faɗa," ta ce.

Malam Musbahu ya so ya gyara mata maganar. Amma an rantsar da shi zai faɗi abin da ya ji, ba ƙari ba ragi. Ya fassara.

"Ta ce me ya sa kike son ba shi ƙodarki?"

A nan Dela ta ji ta samu mafita, ta ɗauko amsar da ta saba bai wa matan Mainika.

"Maigidana ne ya ce in zo."

Tsohuwar ta cire tabarau ta ajiye. Ta yi tambaya ta ƙarshe: da maigidan bai ce ba, za ta zo? Dela ta ja mayafi ta rufe fuska. A ganinta wannan ba tambayar da mai mutunci ke amsawa ba ce.

A waje Malam Musbahu ya share gumi ya dubi Zinnira.

"Sun ƙi."

"Sun ƙi kamar yaya? Ba ga gwajin jini ba?"

"Jini ya nuna ita ta haife shi, wannan ba su musa ba. Amma sun ce matar da ba ta iya faɗar sunansa, kuma ta ce mijinta ne ya turo ta, tilasta mata aka yi. Na yi musu bayanin al'adarmu har bakina ya bushe. Suka ce ba ni za a yanka ba." Ya juya wajen Dela, ya sassauta murya. "Hajiya, ba mugunta suke yi ba. Sun sha ganin matan da aka kawo da ƙarfi. Kare ki suke yi. Za su sake zama sau ɗaya. In suka sake ƙi, sai dai ku koma gida."

Suka koma ɗakin nan na sama. Kwanaki suka yi ta wucewa ana jiran zaman kwamiti. Ana kai Lurwanu wankin ƙoda a dawo da shi kamar tsumma. Abinci ya daina zama a cikinsa. Da ya kan yi wa matarsa ba'a a kan tuwon da take tuƙawa da garin da ba su san sunansa ba, yanzu ko ba'ar ya daina.

Dela takan tsaya a jikin ƙarafunan taga tana kallon titi can ƙasa. A gida yanzu an gama noman fari, dawa ta kai gwiwa. Nan kuwa ba ta san hanyar ko'ina ba. Ko ƙofar benen aka buɗe mata, ba ta san inda za ta nufa ba. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Ranar nan Zinnira ta same ta a lungun girki, idonta jawur.

"Inna, don girman Allah. Suna ne fa kawai. Ki ce Lurwanu, ki ce ɗana ne, ki ce ni na so. Shi ke nan."

"Ke yarinya, a gidanmu ba a yi."

"A gidanku ana binne ɗa saboda kunya?"

Ta faɗa kafin ta kama bakinta. Ta durƙusa tana ba da haƙuri. Dela ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta shiga banɗaki, ta buɗe famfo don kada a ji. Ta buɗe baki za ta gwada kiran sunan. Harshenta ya taɓa ganda ya tsaya. Ta ga fuskar surukinta marigayi, ta ga uwarta da ta yi mata hudubar kunya, ta ga matan Mainika sun riƙe haɓa. Ta gwada har ta gaji. Ruwa ne kawai ya zuba.

Da aka kira gida a waya, Malam Hammadu ya ce a ba shi ita.

"Dela, me nake ji? Yaushe na ce ki je?"

"Malam..."

"Na rufa miki a nan don mutanen gari. Can babu mutanen gari. Ki faɗa musu gaskiya."

Ta ce to. Amma da ta ajiye wayar, ta san har yanzu ba za ta iya furta sunan ba.

Ana gobe zaman kwamiti, da la'asar, Zinnira ta sauka sayen magani. Dela na zaune a bayan zanenta sai ta ji motsi. Lurwanu ne ya sauko daga gado yana dafa bango. Ya zo ya zauna a ƙasa a ɗaya gefen zanen, kamar yadda yake tsugunawa a ƙofar ɗakinta a Mainika. Inuwarsa kawai take gani.

"Adda, barka da yamma."

"Yauwa."

Ya huta, ya tara numfashi.

"Magana nake son yi kafin Zinnira ta dawo, don ba za ta bar ni ba. Gobe in kin shiga, kada ki canja komai. Abin da kika faɗa musu gaskiya ne, ki bar shi a haka."

Dela ta ɗago kai.

"Na san Baba ne ya matsa miki. Bai kamata ba. Ke kina da ƙannena, su Muntari da ƙananan da ke buƙatar ki. Ni kuma Inna ce ta raine ni, ba ki saba da ni ba, ban kuma ga laifinki ba. Ba a sa wa mutum son wani dole." Ya yi ɗan murmushin da take ji a muryarsa. "Kin ma yi ƙoƙari. Kin hau jirgi, kin bar shanunki. Wallahi na gode. In ma akwai wani hakki nawa a kanki, na yafe duniya da lahira. Mu koma gida kawai. Gara a yi mini sutura a Kabo."

Babu fushi a maganarsa, babu gori. Wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ashe ba kawaici yake yi ba shi ma. Ashe da gaske ya yarda. Shekara da shekaru tana zaton ya sani, kamar yadda kowane ɗan fari ya kamata ya sani, cewa kau da kan nan ba ƙi ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya masa. Kowa ya ɗauka ya gane.

Ta miƙa hannu har yatsunta suka taɓa zanen. Sai ga ƙarar makulli, Zinnira ta dawo. Ya lallaba ya koma gadonsa.

Washegari aka sake shigar da ita ɗakin mai sanyi. Tun kafin tsohuwar ta yi magana, Dela ta dubi tafinta.

"Malam, ka ce musu a shigo da shi."

"Hajiya, ba a saba haɗa mutum biyu ba."

"Ka dai faɗa. In zan yi maganar nan, ba don su zan yi ba."

Ya fassara. Suka yi 'yar shawara, tsohuwar ta ɗaga hannu. Aka turo Lurwanu a keke, Zinnira ta tsaya daga bakin ƙofa.

Dela ta miƙe tsaye. Ta dafa tebur. Ba ta kalli kwamiti ba. Ta juya ta kalli fuskarsa sosai, abin da ba ta taɓa yi ba yana farke.

"Sunansa Lurwanu."

Muryar ta fito a shaƙe kamar ba tata ba. Ta sake faɗa, a karo na biyu ya fito sarai.

"Lurwanu. Ɗana ne. Ni na haife shi, ranar wata Laraba ana ruwa. Ba wanda ya ce in zo. Ni na tsuguna a gaban Malam na roƙa, kunya ce ta sa na ɗora masa."

Malam Musbahu na fassarawa a hankali.

"Ranar da aka tafi da shi Kabo, ban fito rakiya ba, don kada a ce Dela ba ta da kunya. Bayan garke na je na zauna har rana ta faɗi. Bayan nan, kasuwar Gwarzo ta fi kusa da mu, amma Kabo nake kai nono. Mata na ce mini wauta ce. Can akwai wata bishiyar darbejiya a hanyar makarantarsu. Nan nake ajiye ƙwarya. In an tashi yara sai in gan shi ya wuce. Wani lokaci da takalmi, wani lokaci ya rataya su a wuya yana gudu. In na gan shi sai in ɗauki kayana in koma, ko nonon bai ƙare ba."

Tafintan ya tsaya, ya cire hularsa ya mayar, sannan ya ci gaba.

"Kun ce ko an tilasta ni. Ƙoda ɗaya kuke magana. In ɗayar ba ta isa ba, ku haɗa da ta biyun."

Lurwanu ya kife fuskarsa a tafin hannunsa, kafaɗunsa na girgiza. Dela ta taka ta isa gare shi, ta ɗora hannu a kansa a gaban kowa.

"Yi shiru. Ba Kabo za mu kai ka a kwance ba. Da ƙafarka za ka shiga."

Tsohuwar mai furfura ba ta ƙara tambaya ko ɗaya ba. Ta dubi na damanta, ta dubi na hagunta, ta kaɗa kai irin nasu. Wannan karon Dela ta gane eh take nufi.

Aka yi aikin, Allah ya ba da sa'a. Jikin Lurwanu ya karɓi ƙodar. Suka yi zaman jinya har likitoci suka sallame su, suka iso gida ana girbin dawa.

Gidan Malam Hammadu ya cika da 'yan barka. Dela na zaune a tsakiyar mata ana ta tambayar ta yadda Indiya take, tana cewa ita bango da taga kawai ta gani, sai shanu marasa makiyayi. Can ta dubi inuwa, ta ga lokaci ya yi. Ta ɗaga murya har zaure, inda maza ke zaune.

"Lurwanu! Taso ka sha maganinka!"

Wata ta rufe baki da hannu. Wata tsohuwa 'yar'uwar uwarta ta dungure ta da sanda.

"Ke Dela! A jirgi kika bar kunyar taki?"

"Tana nan, Goggo, ban yar da ita ba," in ji Dela, tana ɓare maganin a tafin hannunta. "Amma saura kaɗan in binne shi da ita."

Darasi: Kunya ado ce, kawaici kuma tarbiyya ne, ba wanda ya ce a zubar da su. Amma kada mu ɗauka cewa 'ya'yanmu da iyayenmu sun san abin da ke zuciyarmu alhali ba mu taɓa faɗa musu ba. Akwai ɗan da ya girma yana zaton ba a son sa, ga shi kuwa shi ne aka fi so. In kana ƙaunar naka, ka bari ya ji daga bakinka tun yana da kunnen ji. Ku tura wa iyaye da 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai gidan da ake jiran kalma ɗaya tak.